Daga Ido Zuwa Ƙeya: Abin da Ciwon Jijiyar Gani Ke Yi wa Hanyoyin Sadarwa na Ƙwaƙwalwa

Akwai wani kawuna a cikin birnin Zariya wanda ya yi fiye da shekara 40 yana ɗinkin babbar riga da hannu, irin ɗinkin nan na aska takwas da ake zama a zaure a kwashe makonni a kan riga ɗaya. Har ya manyanta bai taɓa neman wani ya zura masa zare a allura ba, kuma wannan ne ya sa ba wanda ya ɗauki lamarin idonsa da muhimmanci a gidan, ko da ya fara buga kafaɗa a bakin ƙofar zauren da ya saba shiga tun yana yaro, ko da jikansa zai tsaya a gefensa da kwanon abinci bai san da shi ba sai yaron ya yi magana. Sai ranar da ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi wajen tsallaka titi a Ƙofar Doka, ya rantse cewa babur ɗin daga sama ya faɗo, sannan aka kai shi asibiti. Likitar ta haska idanun, ta auna su, ta zaunar da shi gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske, daga nan ta ce masa, "Baba, jijiyar idonku na hagu ta kusa ƙarewa, ta dama ma fiye da rabinta ta tafi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, in haka ne, me ya sa ban taɓa ganin duhu ba?"

Amsar wannan tambaya tana can cikin kai, kuma kafin a kai gare ta dole a warware wani ruɗani da harshenmu ke jawowa. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, kuma yana kiran hanyar da saƙo ke bi jijiya. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta ƙarshe, wato igiyar da ta fito daga bayan kowane ido ta shige cikin ƙoƙon kai, mai tsawon kusan santimita 5 da kaurin da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A cikin wannan 'yar igiya akwai zare fiye da miliyan 1, kuma kowane zare jela ce ta ƙwayar jijiya guda da ke zaune a ratina, tantanin nan da ke shimfiɗe a bayan ido yana karɓar haske. Ƙwayoyin da ke karɓar hasken sun kai kusan miliyan 100 a ido ɗaya, saboda haka tun a cikin ido ake tace hoto a dunƙule shi kafin a aika.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne asalin igiyar. Tun ɗan tayi yana 'yan makonni a ciki, ratina da jijiyar gani suke tohowa daga ƙwaƙwalwa kamar reshe daga itace, shi ya sa masana ke lissafa su a matsayin wani yanki na ƙwaƙwalwar da ya leƙo waje. Tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa shi ne ya lulluɓe jijiyar, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana kewaye da ita, kuma ƙwayoyin da ke yi wa zarurrukanta rigar kitse irin na ƙwaƙwalwa ne. Daga nan ta gaji halin gidansu: jijiyar hannu idan ta yanke tana iya sake tohowa a hankali, amma zaren jijiyar gani da ya mutu ba ya dawowa. Wannan ne bambancin mai yanar ido, wanda za a yi wa aiki ya wayi gari yana gani, da mai ciwon jijiya, wanda iyakar abin da likita zai iya shi ne tsare abin da ya rage.

Jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa a wata mararraba, inda zarurrukan da suka fito daga ɓangaren hanci na kowace ratina, wato ɗan fiye da rabi, suke tsallakawa zuwa ɗaya gefen, sauran kuma su miƙe a gefensu. Sakamakon haka, duk abin da ke hagun mutum ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa ne ke ganinsa, ko da wane ido ya kalle shi. Daidai ƙarƙashin mararrabar akwai ɗan gurbin sinadarai da likitoci ke kira fituwitari, kuma idan ƙari ya fito masa ya danne mararrabar, mutum zai rasa ganin gefen waje na idanun biyu, kamar dokin da aka kare wa gefen fuska. Daga mararraba kusan kashi 90 cikin 100 na zarurrukan suna yada zango a wani ɗan curi da ke cikin sashen tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, mai lanƙwasa kamar gwiwa, wanda zan kira zangon gwiwa. Zangon yana da hawa 6, uku na idon dama, uku na idon hagu, kuma ba sa cakuɗuwa. A nan zaren da ya taso daga ido yake ƙarewa ya miƙa saƙo ga wata sabuwar ƙwaya, ita kuma ta ɗauka ta bi ta cikin farin naman ƙwaƙwalwa har ƙeya, inda fadar gani ta farko take.

Da a ce tafiyar a nan ta tsaya, da lamarin ya yi sauƙi. Daga ƙeya saƙon yana rabuwa gida biyu, kamar yadda Ungerleider da Mishkin suka bayyana a 1982: hanya ɗaya ta gangara ta gefen kunne tana tantance mene ne abin, fuskar wa ce, wane harafi ne, ɗayar kuma ta haura sama tana lissafin inda abin yake da saurin motsinsa da yadda za a miƙa hannu a kama shi. A 1991 Felleman da Van Essen sun ƙirga yankuna 32 masu aikin gani a ƙwaƙwalwar biri, da hanyoyi kusan 300 da suka haɗa su. Kuma zirga-zirgar ba ta gefe ɗaya ba ce, domin a zangon gwiwa kansa mahaɗun da suka zo daga ido ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, ragowar daga ƙeya suke dawowa ko daga wasu sassan ƙwaƙwalwa. Ke nan ƙwaƙwalwa ba ta zauna tana jiran abin da ido zai kawo mata kawai ba, tana aika nata hasashen ya tarbi saƙon a hanya. Idan muka ce gani ya kori ji, to ganin da muke alfahari da shi wani kasonsa zato ne.

To me ke faruwa idan zarurrukan suka fara mutuwa? Ƙwayar jijiya tana rayuwa ne da aiki da kuma sinadaran da take musaya da maƙwabtanta, saboda haka ƙwayar da ke zangon gwiwa, wadda ita ba abin da ya same ta, idan mai kawo mata saƙo ya daina zuwa sai ta fara ramewa, rassanta su ragu, wata ma ta mutu. Zangon da fatake suka daina sauka ba ya daɗewa bai zama kufai ba. Tun farkon ƙarni na 20 masu binciken gawa suka lura cewa idan mutum ya rasa ido ɗaya, hawa uku na wannan idon ne kaɗai ke ƙanƙancewa a zangon, sauran ukun suna nan lafiya, kuma da wannan ne ma aka gane wane hawa ne na wane ido. A kan ciwon da ya kama kawuna, wato gilakoma, wanda muke kira hawan jinin ido, Neeru Gupta da Yeni Yücel na Toronto a Kanada sun nuna hakan a birai, sannan a 2006 suka ba da rahoton ƙwaƙwalwar wani majinyaci da aka duba bayan rasuwarsa, inda aka ga ƙanƙancewa a jijiyar da zangon gwiwa da fadar gani ta ƙeya, kuma a 2009 suka auna ƙanƙancewar zangon a rayayyun mutane da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI. Lalacewar kuma tana iya bin hanyar ta baya. A 2009 ɗin ne wasu likitoci a Landan suka nuna cewa mutanen da suka sami rauni a ƙeya, kamar na shanyewar ɓarin jiki, zarurrukan ratinarsu suna sirancewa daga baya, alhali ba abin da ya taɓa idon.

Yadda ake leƙa waɗannan hanyoyi a mutum mai rai ya samu ne a farkon shekarun 1990. Dabara ta farko tana bin motsin ruwa. A cikin lafiyayyar jijiya ruwa yana tafiya ne a tsawon zare, kamar ruwa a cikin karan dawa, amma idan zarurruka suka lalace sai ya bazu ko'ina, kuma dabarar da Peter Basser da abokan aikinsa suka fito da ita a 1994 tana auna wannan bambanci. Dabara ta biyu tana bin jini. Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa MRI na iya gane canjin iskar oksijin a jinin ƙwaƙwalwa, wanda ke nuna inda ake aiki, sannan a 1995 Bharat Biswal ya lura cewa ko mutum yana kwance ba ya komai, yankunan da ke aiki tare suna tashi da sauka a lokaci guda, kamar 'yan gida ɗaya da ke kwana da tashi tare. Ta farko tana nuna lafiyar titin, ta biyu tana nuna waɗanda ke magana da juna. Da aka yi amfani da su a kan masu gilakoma, bincike da yawa ya nuna lalacewar titin tun daga mararraba har ƙeya, gwargwadon tsananin ciwon, da raguwar jituwa tsakanin fadar gani ta farko da yankunan da ke gaba da ita, wasu kuma sun ga canji a yankunan kula da hankali da tunani.

A nan ne nake ganin ya kamata a taka burki. Wasu sun ɗauki wannan sakamako sun ce gilakoma ciwon ƙwaƙwalwa ne tun asali, har suna jingina shi da ciwon mantuwa na tsufa. Amma yawancin binciken an yi shi ne a kan mutane 'yan gomomi, an ɗauki hotonsu sau ɗaya, kuma sakamakon da ya shafi yankunan da ba na gani ba yana saɓa wa juna daga wannan bincike zuwa wancan. Hoto ɗaya ba ya faɗin wanda ya riga wani. Mutumin da ya yi shekara goma yana tafiya a ɗarare yana lissafin kowane taku, ba abin mamaki ba ne a ga yankin kula da hankalinsa ya canza, kuma wannan ba ya nufin daga can ciwon ya taso. Abin da ya tabbata shi ne ɓarnar da ke bin hanyar gani kanta.

Yanzu a koma ga tambayar kawu. Mai karatu zai iya gwada amsar a inda yake zaune. Ya rufe idon hagu, ya miƙa hannayensa biyu da manyan yatsu a tsaye, ya kafa idon dama a kan yatsan hagu, sannan ya riƙa jan yatsan dama zuwa dama a hankali ba tare da ya ɗauke ido ba. Idan tazarar ta kai kimanin santimita 15, kan yatsan zai ɓace. Hoton yatsan ya faɗa ne a daidai wurin da jijiyar ke fita daga ido, babu ƙwayar karɓar haske ko ɗaya a cikinsa, kuma wani Bafaranshe mai suna Mariotte ya bayyana shi tun ƙarni na 17. Abin lura shi ne ba a ganin baƙin rami a wurin, bangon da ke baya ne ake gani ya cike gurbin. Duhu ma saƙo ne da ido ke aikawa, amma inda babu saƙo sam, ƙwaƙwalwa tana ɗebo abin da ke kewaye ta yi faci da shi. Haka take yi wa kowane gurbi da gilakoma ya buɗe. A wani bincike da David Crabb da abokansa suka yi a Landan aka buga a 2013, an nuna wa masu gilakoma 50 hotuna domin su zaɓi wanda ya yi kama da ganinsu, kuma babu ko ɗaya da ya zaɓi hoton baƙin rami irin na leƙe ta bututu da ake yawan zanawa a takardun wayar da kai, abin da suka fi ambata shi ne dishi-dishi da ɓacewar wasu abubuwa. Babur ɗin Ƙofar Doka ya shiga gurbi ne, ƙwaƙwalwar kawu ta shafe shi da kwalta, sai da ya fito daga gurbin ya bayyana a gabansa.

Allurar kuma tana da nata bayanin. Tsakiyar ratina, wadda faɗinta 'yan milimita ne, ita ke da kusan rabin ƙwayoyin da ke samar da zarurrukan jijiyar, kuma kusan rabin fadar gani ta ƙeya aikin wannan 'yar tsakiya take yi. Gilakoma yakan fara cin gefe ya bar tsakiya sai ƙarshe, ido na biyu kuma yana rufa wa na farko asiri, sannan bincike a idanun mamata ya nuna cewa kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na ƙwayoyin kan mutu kafin na'urar auna faɗin gani ta fara kama wani abu. Idan aka haɗa waɗannan, alƙaluman Nijeriya ba za su ba da mamaki ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma gilakoma ne na biyu bayan yana, da kashi 16.7 cikin 100 na makantar. Nazarin da Dakta Fatima Kyari ta jagoranta a kan bayanan binciken ya nuna kusan mutum 1 cikin 20 na masu waɗannan shekaru yana da ciwon, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai 1 cikin 10 ba. Sunan da muka ba shi, hawan jinin ido, shi ma yana ɓatar da mutane, domin ba jini ne ke hawa ba, matsin wani farin ruwa ne da ke cikin ido, kuma akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali matsin bai wuce 21 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka ba. Yana bin dangi ƙwarai, shi ya sa likitar ta ce a kawo mata 'ya'yan kawu da ƙannensa, tunda gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta.

Akwai wani nau'in ciwon da ke nuna wata fuska dabam ta lamarin, wato kumburin jijiyar gani, wanda yakan kama matasa, musamman mata, cikin 'yan kwanaki: ido ɗaya ya dushe, ya yi zafi idan an juya shi, jan launi ya koma kamar tsohon zane da ya koɗe. A nan garkuwar jiki ce ke cin rigar kitsen da ke sa saƙo ya yi sauri. A lafiyayyen mutum saƙo yakan isa ƙeya ya tayar da alamar da ake iya aunawa cikin kusan kashi 1 cikin 10 na sakan, kuma a 1972 Halliday da McDonald da Mushin suka nuna a Landan cewa bayan kumburin alamar tana makara, kuma makarar tana daɗewa ko da ganin ya dawo. Sai ya zama ƙwaƙwalwa tana karɓar labarin abu ɗaya daga manzanni biyu, ɗaya ya riga ɗaya isowa. Idan abin a tsaye yake ba matsala, amma idan yana motsi sai lissafin nisa ya rikice, motar da ke tafiya a miƙe ta zama kamar tana karkatowa. Wannan ruɗi yana ɗauke da sunan Carl Pulfrich na Jamus, wanda ya bayyana shi a 1922 duk da cewa shi kansa ido ɗaya gare shi, bai taɓa ganin abin da ya bayyana ba. Irin wannan majinyaci zai karanta allon haruffan asibiti har ƙasa, amma ya kasa tsallaka titi a Kwangila, a gida kuma a ce raki ne. Haka nan zaren da ya rasa rigarsa ba ya jure zafi, lamarin da ke ɗauke da sunan Wilhelm Uhthoff, wanda ya lura a 1890 cewa gani yana dushewa bayan motsa jiki, saboda haka a zafin Maris da Afrilu, ko bayan tsayuwa a gaban murhu, ganin yakan dushe na ɗan lokaci ya dawo idan jiki ya huce.

Mafi yawan masu wannan kumburi ganinsu yana dawowa sosai, kamar yadda gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 457 tsakanin 1988 da 1991 ya nuna, duk da cewa an san wani kaso na zarurrukan ya tafi har abada. Wani ɓangare na dawowar gyaran riga ne, wani kuma aikin ƙwaƙwalwa ne, domin hotunan da aka ɗauka a Landan sun nuna cewa yankunan gaba da fadar gani, musamman na gane siffar abubuwa, suna ƙara himma, kuma waɗanda nasu ya fi himma tun farko sun fi samun sauƙi. Wancan gwaji na Amurka ya kuma nuna cewa bayan shekara 15 rabin majinyatan sun kamu da cutar zaizayar rigar jijiyoyi da ake taƙaita sunanta da MS, kashi 25 cikin 100 a cikin waɗanda hoton ƙwaƙwalwarsu na farko ya fito fes, kashi 72 a cikin waɗanda aka ga tabo. Sai dai yawancin mutanen gwajin fararen fata ne, kuma a tsakanin baƙar fata wani nau'i mai tsanani da ke haɗa ido da laka, wanda aka gano alamarsa a jini a 2004, yana da kaso mafi girma, shi kuwa ba ya jiran a yi masa jinkiri.

Sauran masu kashe jijiyar a ƙasarmu sanannu ne: sanƙarau, bugun kai a haɗarin babur, ƙari a cikin kai, da maganin tarin fuka mai suna etambutol, wanda ya sa ake gaya wa mai shansa ya koma asibiti da zarar launuka sun fara rikice masa. Farfesa Osuntokun na Ibadan ya danganta mutuwar jijiyar gani da ta ƙafafu da dafin rogon da ba a jiƙa sosai ba. Makantar kogi ma, wadda ɗan baƙin ƙuda ke yaɗa tsutsarta, tana kama jijiyar, kuma a ƙauyukan Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwajin da aka buga a 1993, wanda ya nuna cewa shan maganin Mectizan sau ɗaya a shekara yana rage sabon kamuwar jijiyar.

Bayan kamar shekara biyu kawu ya kira ni gefe da magariba ya ce, "Ɗana, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba." Yana ganin zane a bango, layi-layi kamar na wuyan riga, wani lokaci kuma ƙananan mutane da rawuna suna wucewa shiru, ya san ba gaskiya ba ne, amma yana tsoron a ce ya taɓu ko an yi masa jifa. Wannan yanayi yana da suna tun 1760, lokacin da Charles Bonnet na Janeba ya rubuta labarin kakansa da idonsa ya raunana yana ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Yankunan gani da aka yanke wa saƙo suna ƙara saurin tashi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya don tasha ta yi nisa, har su fara samar da hoto da kansu, kuma a 1998 an nuna a Landan cewa yankin da ya tashi shi ke yanke abin da za a gani, na launi ya kawo launi, na fuska ya kawo fuska. Ban zo musun abin da addini ya tabbatar game da gaibu ba, amma wannan dai sababinsa sananne ne, kuma saninsa kaɗai ya sauke wa kawu nauyi. Barcinsa ma ya rikice, kuma nan ma akwai hannun jijiyar, domin cikin zarurrukan da ba sa zuwa zangon gwiwa akwai ƙalilan da ke zuwa wani ɗan curi a saman mararraba wanda shi ne agogon jiki. A 2002 David Berson ya nuna cewa ƙwayoyin da ke aika su suna jin haske da kansu, kuma su ne ke saita agogon da fitowar rana. Idan gilakoma ya yi nisa su ma suna raguwa, wanda kuma ya rasa su gaba ɗaya agogonsa yakan riƙa zamewa kullum, saboda na cikin jiki ya ɗan haura awa 24.

Filin da aka bari ba ya zama babu mai noma. A 1996 Norihiro Sadato da abokansa a Amurka sun nuna cewa waɗanda suka makance tun suna ƙanana, idan suna karanta rubutun makafi da yatsa, fadar ganinsu ta ƙeya ce ke aiki, kuma an ba da rahoton wata makauniya tun haihuwa da ta rasa iya wannan karatu bayan jini ya toshe mata a ƙeya, alhali jin yatsunta lafiya lau. A 2008 a Boston an ɗaure wa masu gani idanu na kwana 5, aka ga ƙeyarsu ta fara amsa taɓawa, kuma abin ya koma yadda yake cikin kwana ɗaya da kwance ƙyallen, wanda ke nuna cewa hanyoyin suna nan tun da, gani ne ya danne su. Wannan sauyi ya fi ƙarfi a yaro, kamar yadda aikin Hubel da Wiesel a kan 'yan kyanwa, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 1981, ya nuna cewa akwai lokacin ƙuruciya da hanyoyin gani ke ƙulluwa, a dattijo kuwa kaɗan ne.

Duk wannan yana da tasiri a kan fatan da ake yi na sake tsirar da jijiyar. A shekarun 1940 Roger Sperry ya yanke jijiyar idon kwaɗo ya juya idon ƙasa a sama, jijiyar ta sake tohowa kowane zare ya koma tsohon gurbinsa, har kwaɗon ya riƙa kai wa ƙuda hari a kishiyar inda yake. A dabbobi masu shayarwa sai a shekarun 1980 Albert Aguayo na Montreal ya nuna cewa zaren zai iya tohowa idan aka dasa masa guntun jijiyar jiki ya bi, kuma a 2008 ɗakin binciken Zhigang He a Boston ya sa zarurrukan ɓera suka toho ta hanyar cire wani ƙwayar gado da ke taka musu burki. Amma tohowa rabin aiki ne, domin zaren mutum sai ya yi tafiyar santimita da dama, ya zaɓi hannun da ya dace a mararraba, ya sami hawansa cikin shida, ya sami riga, sannan ya tarar da ƙwayar da za ta karɓe shi ba ta riga ta mutu ba. A yanzu maganin gilakoma da aka tabbatar shi ne rage matsin ido, da ɗigo ko hasken leza ko tiyata. Kawu yana ɗiga nasa bayan sallar asuba da bayan isha'i, ya koyi juya kai gaba ɗaya hagu da dama kafin ya sa ƙafa a titi, kuma a awo uku na baya taswirar faɗin ganin idonsa na dama ba ta ƙara baƙi ba.